Tallafin ɗumama gida a Amurka: yadda ake biyan dillalan mai da abin da ke jawo jayayya

Da zarar hunturu ya kusanto, jihohin arewa maso gabashin Amurka kan koma kan wata tsohuwar jayayya wadda ba kasafai take kaiwa ga manyan kafofin watsa labarai ba. Nawa ya kamata gwamnati ta biya ɗan kasuwar da ya kai man ɗumama gida ga iyalin da ke cikin shirin tallafi, kuma yaushe kuɗin za su shiga hannunsa? Magana ce ta santi kaɗan a kan kowane galan. Amma a jiha kamar Maine, inda sanyin daren Janairu kan kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, waɗannan santin ne ke nuna ko motar mai za ta tsaya a ƙofar gidan talaka ko za ta wuce.

Sanyin can ya wuce wanda ake kashewa da bargo da kaskon gawayi irin na watannin hunturunmu. Idan tankin gida ya ƙafe, na'urar ɗumama ta mutu, ruwan da ke cikin bututu kan daskare ya fasa bututun, tsofaffi da jarirai kuma su shiga haɗarin rasa rai.

Asalin shirin

Shirin da ake magana a kai shi ne LIHEAP, wato tallafin makamashin gida ga masu ƙaramin ƙarfi. Tushensa yana komawa ga tashin farashin mai na shekarun 1970, bayan takunkumin da ƙasashen Larabawa suka sanya a 1973. An yi ta gwada ƙananan shirye-shirye na gaggawa har zuwa 1981, lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shi da doka a zamanin shugaba Ronald Reagan. Ma'aikatar Lafiya da Walwalar Jama'a ta tarayya ce ke riƙe da shi, sai dai ba ita ke raba kuɗin gida-gida ba. Tana tura wa kowace jiha kasonta a dunƙule, haka ma yankunan da ke ƙarƙashin Amurka da ƙabilun asali, su kuma su tsara nasu ƙa'idojin cikin iyakar da doka ta gindaya.

A ƴan shekarun nan kasafin shirin yana kaiwa kimanin dala biliyan 4 a shekara, yana taimakon iyalai kusan miliyan 6. A 2021, saboda annobar korona, an ƙara masa dala biliyan 4.5 na musamman. Doka ta ce jiha za ta iya karɓar iyalin da samunsa bai wuce kashi 150 cikin ɗari na layin talauci na tarayya ba, ko kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin samun iyalai a jihar, duk wanda ya fi yawa. Kuɗin gudanarwa ba za su wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Waɗanda suka cancanta sun ninka waɗanda ke samu sau da yawa, domin kuɗin ba su isa kowa ba. Idan kason jiha ya ƙare, ya ƙare.

A mafi yawan jihohi, iyali ba ya ganin kuɗin da idonsa. Ana tura su kai-tsaye ga wanda ke sayar masa da makamashi. A nan ne maganar adalci ga mai sayarwa ta samo asali.

Masu sayarwa iri biyu ne

Na farko su ne manyan kamfanonin wutar lantarki da na iskar gas ta bututu. Hukumomin jiha ne ke amincewa da farashinsu, suna da jari mai kauri, kuma tallafin yakan shiga ne a matsayin ragi a kan takardar kuɗin wata. Idan gwamnati ta yi jinkirin wata guda, kamfanin ba ya girgiza. Jihohi da dama sun kuma hana su yanke wa marasa ƙarfi wuta a tsakiyar sanyi. A Massachusetts wannan kariya tana aiki daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris.

Na biyu su ne masu kai kaya da mota: man ɗumama gida, kananzir, iskar gas ta furofen, itace. Man ɗumama gida ɗan uwan dizal ne, wanda a Nijar da Kamaru da Chadi ake kira gazuwal, sai dai ana rina shi ja don a bambanta shi da na motoci da ake biya wa harajin hanya. Gidaje fiye da miliyan 4 ke dogaro da shi a Amurka, kuma kusan huɗu cikin biyar nasu suna arewa maso gabas. Dillalansa galibi ƙananan kamfanoni ne na gado, masu motoci ƴan kaɗan. Ba wanda ke ƙayyade musu farashi, dokar hana yanke wuta ba ta shafe su ba, kuma babu wanda ya tilasta musu shiga shirin. Dillali na shiga ne da son ransa ta hanyar sa hannu a yarjejeniya da jiha ko da ƙungiyar da ke gudanar da shirin a yankinsa. Idan sharuɗɗan ba su yi masa ba, yana iya ficewa.

Dokar 1981 tana da alkawura 16 da gwamnan kowace jiha ke rattaba wa hannu kafin a sakar masa kuɗi. Na bakwai shi ne ya shafi masu sayarwa. Ya ce idan jiha ta zaɓi biyan mai sayarwa kai-tsaye, dole ta sanar da iyalin adadin da aka biya a madadinsa; mai sayarwa ba zai nemi komai daga iyalin ba sai abin da ya rage tsakanin ainihin kuɗin kaya da abin da aka biya; kuma ba za a nuna wa iyalin bambanci ba don yana karɓar tallafi. Duka kariya ce ga mai saye. Dokar ba ta faɗi farashin da za a biya dillali ba, ba ta kuma yanka wa'adin biyansa ba. Ta bar wannan ga jihohi, shi ya sa abin da dillali ke samu a Boston ya bambanta da na takwaransa a ƙetaren iyakar jiha.

Hanyoyin yanka farashi

Hanya mafi sauƙi ita ce a biya dillali farashin da yake sayar wa kowa a ranar da ya kai man. Ba ta da rigima, sai dai jiha ba ta samun wani sassauci duk da cewa ita ce babbar mai saye.

Hanya ta biyu ita ce a cire wasu santi daga farashin kasuwa na dillalin. Shi ke yanka farashinsa, jiha kuma ta karɓi ragi a kai.

Ta uku ita ce wadda ta fi jawo ce-ce-ku-ce. Ana ɗaukar farashin sari na depo, inda motocin dillalai ke yin lodi, a ɗora wani adadi tsayayye na santi a kan kowane galan, wannan ya zama iyakar abin da za a biya. Farashin depo ana samunsa kullum daga kamfanonin da ke bibiyar kasuwar mai, irin su OPIS. Massachusetts ta daɗe a kan wannan tsari, kuma tana biyan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin wannan lissafi da farashin kasuwa na dillalin. Connecticut ta yi shekaru tana yin lissafi daga farashin tashar ruwa ta New Haven, tana ƙara wani abu gwargwadon gundumar da aka kai man. Wasu jihohin kan bar dillali ya zaɓa tsakanin hanya ta biyu da ta uku.

Akwai dalilin da ya sa jihohi suka rungumi irin wannan ciniki. A gyaran da aka yi wa dokar a 1990, an ƙirƙiro wata ladar kuɗi ga jihohin da suka iya samo ƙarin taimako daga wajen aljihun tarayya, kuma ragin da dillalai suka yi yana cikin abin da ake lissafawa. Wato gwamnatin tarayya da kanta ta ƙarfafa wa jihohi gwiwar matsa farashi.

Ga misali da alƙaluman da muka ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce galan, wanda ya kai lita 3.8, yana kan dala 3 a depo, jiha ta yarda a ɗora santi 50, dillali kuma yana sayar wa sauran abokan cinikinsa a kan dala 3.90. Iyalin da aka ware wa dala 700 zai sami galan 200 a farashin jiha, alhali a farashin kasuwa galan 179 zai samu. Bambancin galan 21 a tsakiyar Janairu ɗumin kwanaki ne, ba abin rainawa ba. Ta ɓangaren dillali kuwa, duk galan 100 da ya sauke a wannan gida ya yafe dala 40.

Abin da dillalai ke kuka da shi

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar santin da aka ɗora a matsayin riba. A cikinsu ne za a biya direba mai lasisin ɗaukar kaya masu haɗari, a zuba wa motar kanta mai, a biya inshora, a gyara mota, a riƙe ofis da mai amsa waya da tsakar dare. Abin da ya rage bayan wannan shi ne riba, idan ya rage.

Kuma kai wa gidajen tallafi ya fi tsada. Abokin cinikin da ke da hali yakan bar dillali ya riƙa cika masa tanki a kan tsari, motar ta bi unguwa ɗaya ta sauke wa gidaje da yawa. Tankin gida da aka fi amfani da shi yana cin galan 275. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan jira sai man ya kusa ƙarewa ya kira, a kawo masa galan 100, wani lokaci a ranar hutu, wani lokaci bayan na'urar ta riga ta mutu sai an sake tayar da ita. Doka ta wajabta wa jiha ta kai ɗauki cikin sa'o'i 48 idan iyali ya shiga halin gaggawa, ko sa'o'i 18 idan akwai barazana ga rai. Wanda zai cika wannan alkawari a zahiri direban dillali ne, a kan hanya mai dusar ƙanƙara.

Sai matsalar adadi tsayayye a kasuwa mai motsi. A ce mota tana ɗaukar galan 3,000. Idan farashin depo dala 2.50 ne, dillali zai fitar da dala 7,500 ya yi lodi. Idan ya koma dala 5, sai ya fitar da dala 15,000. A duka biyun, santi 50 a kan galan dala 1,500 suke ba shi. Jarin da ya zuba ya ninka, bashin banki da kuɗin ruwansa sun ƙaru, abin da yake samu bai motsa ba. Wannan shi ne abin da ya faru a 2022, lokacin da farashin man ɗumama gida ga mai saye ya haura dala 5 a galan bayan Rasha ta afka wa Yukren. Ƙungiyoyin dillalai a jihohin yankin sun sha neman a ɗaga adadin, an kuma ɗaga a lokuta daban-daban, amma yawanci bayan an kai ruwa rana.

Akwai kuma maganar rana. Lissafin jiha yana bin farashin depo na ranar kai kaya, alhali man da ke cikin motar wataƙila an saye shi kwanaki kafin nan. Idan farashi ya faɗi a tsakani, dillali ya yi asara. Idan ya tashi, ya ci. Dillalai ba su cika ambaton rabin na biyu ba.

Jinkirin biya

Duk da haka, abin da ya fi karya ƙaramin dillali shi ne jira. Depo na cire kuɗinsa cikin ƴan kwanaki. Takardar dillali kuwa sai ta bi ta ofishin ƙungiyar yanki, a duba ta, a tabbatar iyalin na da sauran kaso, a nemi kuɗi daga jiha, jiha ma tana jiran tarayya. A tsakanin nan, ɗan kasuwa mai motoci uku shi ke bai wa gwamnatin ƙasa mafi arziki a duniya bashi ba tare da ko sisin ruwa ba.

Tushen jinkirin sau da yawa yana Washinton. Shekarar kuɗi ta tarayya tana farawa ran 1 ga Oktoba, kuma an saba sakin mafi yawan kuɗin shirin a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, daidai lokacin da sanyi ke shigowa. Babu sarari ko kaɗan. A 2025 abubuwa biyu suka haɗu. A watan Afrilu an sallami dukkan ma'aikatan ofishin tarayya da ke kula da shirin, cikin rage ma'aikatan da aka yi a ma'aikatar. Sannan gwamnati ta tsaya cik na kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, saboda Majalisa ta kasa amincewa da kasafi. Kuɗin ba su fita ba sai ƙarshen Nuwamba, kuma jihohi irin su Niyok da Pennsylvania sun ɗage ranar buɗe shirin. Masu wutar lantarki da gas na bututu suna da wata kariya a irin wannan hali. Masu tankin mai ba su da ita. Ko dai dillali ya kai musu bisa amana, ko su nemo kuɗi.

Wasu jihohi suna kauce wa wannan ta hanyar biyan dillali tun kafin ya kai kaya, kuɗin su zauna a asusun iyalin a wajensa ana cirewa. Wasu a tsakiyar ƙasar kan sayi furofen tun bazara lokacin da yake da araha. Wannan ma da nasa haɗarin: idan dillali ya karye da kuɗin a hannunsa, ko iyali ya ƙaura, sai an bi sawun ragowar. Shi ya sa yarjejeniyoyin ke buƙatar takardar awo ta kowace saukewa da mayar da kuɗin da ba a kashe ba. A 2010 ofishin binciken kuɗi na Majalisa, GAO, ya duba jihohi bakwai ya gano rauni babba wajen tantance masu karɓa, kuma tun daga nan aka ƙara tsaurara duba takardu. Kowane ƙarin dubawa kuwa ƙarin kwanaki ne ga mai jiran kuɗinsa.

Hujjar jihohi

Masu gudanar da shirin suna da tasu hujjar, kuma ba ta da rauni. Kuɗin jama'a ne, ba su kuma isa ba. Duk santin da aka ƙara wa dillali an rage shi ne daga tankin wani. Jiha tana sayen miliyoyin galan, kuma duk mai saye da yawa yana da haƙƙin neman ragi. Bugu da ƙari, kuɗin gwamnati ko sun yi jinkiri suna zuwa, saɓanin bashin da dillali zai bai wa iyalin da ba shi da abin biya.

Amma matsawar tana da iyaka. Idan farashin ya gaza kuɗin aiki, abu biyu ke faruwa. Ko dillali ya ɗora asarar a kan sauran abokan cinikinsa, waɗanda da yawansu samunsu ya ɗara layin cancanta da kaɗan ne kawai, ko kuma ya fice. A babban gari ficewar dillali ɗaya ba komai ba ce. A ƙauyen da dillalai biyu ke zuwa, ficewar ɗaya babbar magana ce. Ga masu furofen abin ya fi tsanani, domin tankin sau da yawa mallakin kamfanin ne, kuma dokokin jihohi da dama sun hana wani kamfani ya cika shi.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, za a ga cewa an fi ɓata lokaci a kan adadin santi, alhali abin da ya fi sauƙin gyarawa shi ne wa'adi. Biyan dillali cikin kwanaki ƙayyadaddu ba ya rage wa iyali ko galan ɗaya. Haka ma duba adadin a kowace shekara bisa ainihin kuɗin aiki, da ware kuɗin kai ɗaukin gaggawa daban, da la'akari da nisan gari daga depo kamar yadda Connecticut ke yi.

An taɓa gwada wata hanyar daga waje. Daga 2005, kamfanin Citgo mallakar Benezuwela, a zamanin Hugo Chávez, ya riƙa ba da man ɗumama gida da rangwame ga marasa ƙarfi, inda ya fara da Massachusetts da unguwar Bronx ta Niyok, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Citizens Energy ta Joseph Kennedy na Biyu. Siyasa ce ta kawo shi, kuma bai ɗore ba bayan tattalin arzikin Benezuwela ya durƙushe.

Yadda Faransa ke yi

Faransa ta bi wata hanya dabam. Dokar 17 ga Agustan 2015 ta ƙirƙiro cakin makamashi, chèque énergie, aka gwada shi a yankuna huɗu, Ardèche da Aveyron da Côtes-d'Armor da Pas-de-Calais, kafin a bazu da shi ƙasa baki ɗaya a 2018. Darajarsa tana tsakanin yuro 48 da 277 a shekara, kuma har zuwa 2024 yana kaiwa ga iyalai fiye da miliyan 5. Iyali ne ke miƙa shi ga mai sayar masa da wuta ko gas ko mai ko itace, mai sayarwa kuma dole ya karɓa, sannan hukumar biyan kuɗi ta ASP ta mayar masa da adadin da ke rubuce. Gwamnati ba ta cinikin farashin lita, saboda haka rigimar santi ba ta taso ba. Illarsa ita ce idan farashi ya tashi, iyali ne ke ɗaukar duka nauyin, har sai da aka fitar da cakin musamman na yuro 100 zuwa 200 ga masu amfani da mai a ƙarshen 2022. Jinkirin kasafi bai bar Faransa ba ita ma: a 2025 cakin da aka saba aikawa a Afrilu sai a Nuwamba ya fita.

Mai karatu a yankinmu ba zai ga wannan lissafi baƙo ba. Duk inda gwamnati ta yanka farashin mai ko na gas ɗin girki ta yi alkawarin cike giɓi, ana samun kukan dillalai kan basussukan da ba a biya ba, kayan kuma su ɓace daga kasuwa. Najeriya ta sha fama da wannan shekaru da yawa kafin shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ran 29 ga Mayun 2023. Bambancin shi ne tallafin Amurka yana bin iyali da sunansa, ba kowace lita da aka sayar a ƙasa ba.

Ga ƴan uwa mazauna can

Hausawa da ke zaune a birane irin su Niyok galibi ƴan haya ne a manyan gine-gine inda kuɗin ɗumi ke cikin kuɗin haya. Irin waɗannan ma suna iya cancanta, sai dai abin da ake ba su kaɗan ne idan aka kwatanta da mai biyan man tankinsa da kansa. A jihar Niyok sunan shirin HEAP. Tun bayan dokar 1996 kan tallafin jama'a, ana buƙatar mutum ya zama ɗan ƙasa ko baƙo mai takardun zama irin waɗanda dokar ta amince da su, kuma kowace jiha tana da yadda take lissafa gidan da takardun mutanensa suka bambanta.

Wanda ke da tankin mai, kafin ya cike takardar nema ya tambayi dillalinsa ko yana cikin shirin a wannan shekara, domin jerin yana canzawa. Ya adana takardar sanarwar adadin da aka ware masa da takardar awo da direba ke bari a kowace saukewa, wadda ke nuna yawan galan. Idan aka nemi ya biya fiye da abin da ya rage bayan tallafin, ko aka ƙi kai masa kaya don kawai yana cikin shirin, ofishin da ya karɓi takardarsa shi ne wurin kai ƙorafi, kuma doka ta ba shi damar a saurare shi idan an ƙi buƙatarsa ko an ja ta fiye da kima. Kada ya jira ma'aunin tanki ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya kira.